Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Makarantun Islamiyya Na Zangon Kumasi: Makullin Kwamfutocinmu Yana Hannun Wa?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena malamai, Allah ya gafarta muku, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗanku ne, a gaban wasunku na wanke allo a Aboabo, yau kuma da gyaran kwamfuta nake ciyar da iyalina. Da yawanku kun san ni, domin ni ake bugo wa waya idan firinta ta ƙi fitar da takardun jarrabawa ana saura kwana biyu yara su zauna. Na so in durƙusa a zauren ɗayanku in faɗi wannan magana, sai na ga ta shafi kowa, daga Aboabo da Asawase har Sawaba da Sabon Zango. Shi ya sa na rubuto ta a fili. Idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, ku yafe wa yaro.

Abin da ya tayar da ni ya faru ne a ofishin wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. Shekarun baya sun sayi manhajar ajiye bayanan ɗalibai daga wani kamfani: sunayen yara, makin jarrabawa, wanda ya biya kuɗin makaranta da wanda ake bi bashi. Kowace shekara ana biyan kuɗin sabunta lasisi, kuma da dala aka ƙulla farashin. A shekarar da nake magana kuɗin ya fi ƙarfinsu, suka yi jinkiri. Da na isa, na tarar da wata baiwar Allah zaune a kan benci da jakar leda a cinya, tana jiran sakamakon 'yarta don za su koma Tamale, motar yamma za su bi. Hedimasta yana ta latsa linzami, allon kwamfuta yana nuna masa saƙo guda ɗaya: wa'adi ya ƙare. Na leƙa cikin rumbun ajiyar na'urar. Ga fayil ɗin nan ina kallo, har nauyinsa ina gani, aikin shekara bakwai. Amma an tsara shi ta yadda babu abin da zai karanta shi sai manhajar kamfanin. Kwamfutar ta makaranta ce, makaranta ke biyan kuɗin wuta, malamin makaranta ne ya zauna dare da rana ya shigar da kowane suna da yatsunsa, amma duk da haka muka tsaya cirko-cirko kamar baƙi a ƙofar gidanmu. Ƙarshenta hedimasta ya ranto kuɗi, aka tura ta MoMo, aka turo lambar buɗewa, cikin minti ɗaya komai ya dawo. Matar ta rasa motar ranar.

Ban ce kamfanin ya yi zamba ba. Duk abin da ya yi yana rubuce a cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, a shafin da babu wanda ya karanta. Abin da ya dame ni shi ne mun shiga haya muna zaton saye muka yi.

Malamai, ku ba ni dama in bayyana abin yadda na fahimce shi. Kowace manhaja asalinta rubutu ce. Mutum ne yake zama ya rubuta umarni layi bayan layi, sannan a juya rubutun zuwa yaren da na'ura ke ji. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna ba ka wanda aka juya, su riƙe asalin rubutun a wurinsu. Ba ka iya karantawa balle ka gyara, kuma lasisin ya hana ka kwafa wa maƙwabci. Wannan ita ce rufaffiyar manhaja. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara aikin GNU a kan cewa mai amfani da manhaja ya cancanci ya yi aiki da ita yadda ya so, ya karanta asalinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, duniya ta taru a kansa. Irin wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinku. Haka littattafai suka iso mana Zango: malami ya kwafa da hannu, almajiri ya kwafa daga na malaminsa, wani ya ga kuskuren mai kwafi ya gyara a gefen shafi. Kuma a Linux duk gyaran da aka shigar yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da sunan wanda ya duba ya amince. Ranar da na fara ganin haka, isnadi ne ya faɗo mini a rai.

Wani dattijo daga cikinku ya taɓa tambayata, ya ce, "To yaro, su waɗannan masu bayarwa kyauta, da me suke cin abinci? Banza ba ta kai zomo kasuwa." Gaskiya ya faɗa, kuma amsar tambayarsa ita ce zuciyar wasiƙar nan.

Mai rufaffiyar manhaja izini yake sayarwa. A da kana saye sau ɗaya ka riƙe faifanka shekaru. Daga 2013 Adobe ya daina fitar da sababbin Photoshop na saye, ya koma karɓar kuɗi wata-wata, kamfanoni da dama kuma suka bi wannan hanya. Ga kamfani wannan ciniki ne mai kyau, kuɗi na shigowa ba yankewa. Ga makarantar da ke karɓar kuɗinta da sidi daga hannun mai sayar da koko da direban tirotiro, labarin daban ne. Kun tuna 2022: a farkon shekara dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13. Kuɗin makaranta bai ninka ba, amma kuɗin lasisi ya ninka. Sannan ƙarfin mai wannan ciniki yana cikin wahalar rabuwa da shi. Idan bayananka na shekara bakwai suna cikin tsarin da shi kaɗai ke buɗewa, ko ya ƙara farashi za ka biya. Wani lokacin ma abin ya wuce batun farashi. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da mutanen Benezuwela cewa zai rufe musu asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka. Daga baya an sassauta aka bar su, amma mai zanen da ke can ya gane cewa kayan sana'arsa suna rataye da siyasar da ba shi da baki a cikinta.

Mai buɗaɗɗiyar manhaja kuwa aiki yake sayarwa. Kamfanin Red Hat ya gina kasuwancinsa a kan Linux, abin da yake karɓar kuɗi a kai shi ne kulawa, da gyara, da tabbacin cewa idan abu ya lalace akwai wanda zai amsa kira. A 2019 IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34. Masu WordPress, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet ke tafiya a kanta, suna samun kuɗi ta hanyar ajiye wa mutane shafukansu. Wasu, irin su Odoo, suna sakin gangar jikin manhajar kyauta su sayar da ƙarin sassa. Shi kansa Linux, yawancin masu rubuta shi yau ma'aikata ne da kamfanoni irin su Intel da Google ke biya albashi, domin su ma a kansa suke cin abinci. Ashe kuɗi ana biya ta kowane ɓangare. Bambancin shi ne, a nan idan mai kula da kai ya gaza ko ya tsawwala, kana iya kiran wani ya ci gaba daga inda ya tsaya, tun da rubutun a buɗe yake.

Ku dubi Magazin na Suame, unguwar makanikai. Dubban mutane, da yaranmu na Zango a ciki, suna rayuwa a wurin saboda ana iya ɗaga murfin mota a ga inji. Da a ce kowace mota an liƙe murfinta sai wakilin kamfani kaɗai ke da ikon buɗewa, da babu Suame, da duk kuɗin gyara ya tsallaka teku. Kuɗin da makaranta ta biya na lasisi yana barin ƙasar nan. Kuɗin da ta biya saurayin Asawase ya kafa mata manhaja ya kula da ita, a Asawase za a kashe shi.

A nan sai in ja hankali kan wani ruɗu. Ba duk abin da aka ba ka kyauta ne buɗaɗɗe ba. WhatsApp da Facebook ba ka biyan ko kwabo, amma rufaffu ne ruf, kuma kamfaninsu da tallace-tallace yake samun kuɗi. Na sha ganin malami ya ɗauki hoton takardar da ke ɗauke da sunayen yara da lambobin iyayensu ya zuba a wata manhajar kyauta da bai san mai ita ba. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, doka ta 843, kuma makaranta tana cikin waɗanda nauyin ya hau kansu. Ko babu doka ma, sunayen 'ya'yan mutane amana ce.

Sai batun inganci, inda aka fi yi mini gardama. An saba cewa araha ba ta ado, kuma mutum yana ganin abin da ya biya da tsada dole ya fi kyau. To, tun Nuwamban 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk a kan Linux suke aiki. Wayar Android da ke aljihun kowannenku a kan Linux aka gina ta. Ba sai mun je nesa ba: tun 2012 hukumar lafiya ta Gana take tattara alƙaluman asibitoci da cibiyoyin lafiya na gundumomi da DHIMS2, wanda aka ɗora a kan DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, kuma ƙasashe sama da 70 ke amfani da ita. Alƙaluman rigakafin jikokinku ta nan suke bi. Ta ɗaya ɓangaren, tsada ba ta hana faɗuwa. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, kuma manyan masu kuɗi ne abin ya shafa.

Amma zan ci amanarku idan na ce buɗewa kaɗai tana kawo inganci. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar unguwa take, kowa yana zura guga, mai yashe ta ne ake nema a rasa. A 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Kuskuren ya yi kusan shekara biyu a fili babu wanda ya lura, kuma a lokacin 'yan mutane ƙalilan ne ke kula da ita, gudummawar da ke shigo musu a shekara kusan dala 2,000 ce kacal, alhali kamfanonin biliyoyi suna sha daga gare ta. A Maris na 2024 kuma aka kama wani da ya shafe kusan shekara biyu yana nuna kirki har aka ba shi amanar wata ƙaramar manhaja mai suna xz, ya dasa ƙofar ɓoye a ciki. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin kafin ya bazu. Ni abu biyu na gani a labarin nan. Gajiyar wanda ke kula da xz shi kaɗai ce ta ba ɓarawo hanya, buɗewar rubutun kuma ita ta ba wani damar kama shi. Inganci yana bin inda ake da idanu masu duba da hannun da ake biya ya gyara, ko a rufe ko a buɗe.

Akwai kuma wuraren da ni kaina ba na ba da shawarar a canza. Yaron da zai nemi aiki a gidan buga takardu a Adum ko Asafo, CorelDRAW da Photoshop za a tambaye shi, domin da su ake aiki a can. Inkscape da GIMP, takwarorinsu buɗaɗɗu, suna aiki, amma idan abokin ciniki ya kawo fayil ɗin Corel yana sauri, ba lokacin wa'azi ba ne. Wata firintar ma sai an sha fama kafin ta yarda da Linux. Takardar da aka cakuɗa Larabci da Turanci a Word, wani lokacin idan an buɗe ta a LibreOffice, buɗaɗɗiyar takwarar Office, layuka sukan goce. Littattafan kwamfuta da na gani a hannun yaranmu hotunan Word da Excel ne a ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ɓoye muku shi don ya sayar muku da ra'ayinsa bai kyauta ba. Abin da na gani da idona dai shi ne, yarinyar da ta iya haɗa lissafi a LibreOffice Calc, rana ɗaya ta ishe ta ta saba da Excel.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi, kuma da kaina zan fara. Yawancin kwamfutocin da ke makarantunmu, Windows da Office ɗin da ke kansu na sata ne, wanda muke kira kirak. Ni na sa wasu da hannuna a farkon sana'ata, ina neman gafarar Allah. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, doka ta 690, ta haɗa da manhajar kwamfuta. Ku ne malamai, ku kuka san hukuncin amfani da kayan mutum ba da izininsa ba, ba ni zan gaya muku ba. Abin da na sani a sana'ata shi ne kirak ba ya zuwa shi kaɗai. Sau nawa na karɓi filashin malami na tarar duk fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, tambayoyin jarrabawar zango guda sun salwanta? Yaro yana koyon gaskiya da amana a aji ɗaya, ya shiga aji na gaba ya zauna gaban na'urar da ke nuna masa saƙon cewa wannan kwafin ba na halal ba ne. Yaran suna karanta saƙon, sun kuma san ma'anarsa. Idan za mu yi amfani da kayan Microsoft, mu biya su haƙƙinsu. Idan ba mu da hali, ga wanda masu shi suka halatta mana da bakinsu.

Lokaci ma ya matso da maganar. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa yana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, kuma yawancin kwamfutocin da aka ba mu sadaka ko muka saya na hannu ba su cika sharaɗin ba. Za a zo muku da shawarar ku zubar ku sayi sababbi. Kafin ku amince, ku bari a gwada. A wata makaranta na ɗauki tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu da aka jibge a sito ƙura ta rufe su, na hure su, na sa musu Linux Mint, tara suka tashi. Na sa Kiwix a kan ɗaya, wadda ke ba yara damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Wani yaro ɗan aji biyar ya rubuta sunan Mansa Musa, shafi ya buɗe, ya juyo ya tambaye ni ko datar wa ake ci. Na ce babu ta kowa. Bai tashi daga kujerar ba sai da aka kira sallar La'asar. Jihar Kerala ta Indiya ta shafe shekaru tana tafiyar da makarantun gwamnatinta a kan Linux, kuma horar da malamai ta sa a gaba.

Ga kuma harshenmu. Babu kamfanin da zai zauna ya yi lissafin riba a kan Hausar Zango ko rubutun ajamin da kakanninmu suka bari a cikin akwatuna. Amma ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa na Harmattan da Alkalami don ajamin Afirka ta Yamma, da manhajar Keyman mai sauƙaƙa buga ƙ da ɗ da ɓ, duk a buɗe kuma kyauta. Idan wani harafi ya yi mana ba daidai ba, muna da damar kai ƙorafi, ko ɗanmu da ya yi karatu a jami'ar KNUST ya gyara da kansa ya tura musu.

Roƙona gare ku, iyayena, ba shi da yawa. Duk wanda ya zo muku da manhaja, na kamfani ne ko ɗan unguwa, ko da ni ne, kafin a sa hannu ku tambaye shi: ranar da muka rabu da kai, ta yaya za mu kwashe bayananmu? A rubuta a takarda cewa za a iya fitar da su a fayil ɗin da kowace manhajar lissafi ke buɗewa, kuma a gwada a gabanku tun ranar farko. A ƙulla farashi da sidi. Idan mai hali ko ɗan siyasa ya kawo kyautar kwamfutoci, ku gode masa, sannan ku tambaye shi wa zai kula da su bayan an gama ɗaukar hoto. Idan kun je neman tallafi a Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, ku sa albashin mai kulawa da horar da malamai a cikin takardar tun farko, kada su zama abin da za a tuna daga baya.

Na san makaranta ɗaya ba za ta iya ɗaukar ma'aikacin kwamfuta ita kaɗai ba. Amma hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Makarantu goma idan suka haɗa abin da kowacce ke kashewa a lasisi da gyaran gaggawa, zai biya samari biyu da budurwa ɗaya daga cikin yaran da kuka yaye, su riƙa zagayawa mako-mako, su ajiye kwafin bayanai, su koya wa malamai. Manhajar bayanan ɗalibai guda ɗaya buɗaɗɗiya za ta ishe ku duka, gyaran da aka yi wa ɗaya ya amfani sauran. Kuma don Allah a biya su a kan lokaci. Mun saba idan yaron unguwa ya yi aikin kwamfuta sai a sallame shi da "Allah ya yi albarka". Albarkarku muna so ƙwarai, amma mai gidan haya ba ya karɓar ta, shi ya sa gwanayenmu suke tafiya Akra su bar mu.

Kwamfutocin nan tara suna nan suna aiki, kuma mai makarantar ya ba ni izinin in kawo duk wanda yake son gani. Ku turo malaman da ke koyar da kwamfuta a makarantunku wata Asabar bayan Azahar, kowa ya zo da filashinsa da takardar da ya fi jin tsoron za ta lalace, mu buɗe ta tare a gani. Wanda ya ga bai gamsu ba ya koma kan abin da ya saba, ni kuma zan taimaka masa ya sami lasisi na halal.

Allah ya saka muku da alheri a kan tarbiyyar da kuka ba mu. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
mai gyaran kwamfuta,
Aboabo, Kumasi.